Shagon Baba na titin Bauchi: su juyar maka da hira, amma kai bangon kundi wani wuri

Duk ɗalibin tarihi da ke digiri na biyu a Jos, in dai bincikensa ya haɗa da hira da tsofaffi da tonon tsofaffin fayiloli, shawarata ya kai aikin juyar da hira zuwa rubutu da shirya kundi wani ɗan shago da ke cikin jerin shagunan buga takardu na titin Bauchi, ba nisa da tsohon mazaunin jami'a. Bangon ƙarshe kuwa ya nemi wani wuri. Mai shagon ya roƙe ni kada in sa sunansa a intanet, wai aikin da ke gabansa ma ya fi ƙarfinsa. Ɗaliban sashenmu dai shagon Baba suke ce masa, kuma duk wanda ka tambaya a cikin waɗanda suka riga ka zai nuna maka ƙofar.

Ni malamar sakandare ce, haifaffiyar unguwar Gangare a Jos. Kundina a kan matan da suka ciyar da barikokin kuza ne, masu tuwo da masu fura da masu ƙosai, daga 1942 zuwa 1985. Na fara da 1942 ne saboda a farkon shekarar Japan ta ƙwace Malaya, wadda ke ƙarƙashin Ingila kuma ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a lokacin, sai Turawa suka juyo kan Filato da ƙarfi. Aka kafa dokar aikin tilas, aka riƙa kwaso maza dubun-dubata daga lardunan Arewa ana kawo su ramukan kuza har zuwa 1944. Tsofaffinmu diban gwamna suke kiran abin. Na tsaya a 1985 saboda a watan Oktoba na shekarar ne kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, ta ƙarasa kamfanonin da dama can sun fara tangal-tangal. Kowa a wannan fanni yana kafa hujja da littafin Bill Freund na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza na Najeriya, ni ma na kafa. Amma fayilolin Turawa leburori suke ƙirgawa da tan-tan na kuza. Wadda ta tashi da asuba ta ɗora tukunya don leburan ya samu abin da zai sa a ciki kafin ya shiga rami, sai ka yi ta buɗe fayil ba ka gamu da ita ba, sai fa in an kai ta kotu. Don haka ƙashin bayan aikina hira ce, kuma hira da Hausa.

Shagon bai fi ɗaki ɗaya ba. Kwamfuta biyu, firinta babba guda, injin fotokwafi da ya ga jiya ya ga yau, sai benci ɗaya da mutum uku ke zama a kai a takure. Baba ya haura sittin. Da ƙuruciyarsa akawu ne mai buga tafireta a ofishin wani kamfanin kuza a Bukuru, har zuwa lokacin da aka sallame su. Autarsa ce ke zama a kwamfuta ta biyu, ita ke juyar da hira. Akwai kuma wani yaro mai kula da fotokwafi da janareta.

Bari in daɗe a kan aikin yarinyar nan, domin shi ne dalilin wannan rubutu.

Kafin in same su na gwada wani shagon. Abin da aka dawo mini da shi taƙaitawa ce, ba hira ba. Mai bugun ya saurari tsohuwa tana magana, ya rubuta abin da yake ganin take nufi, da irin tasa Hausar, ya zubar da duk maimaici, ya gyara mata jimla. In da labarin jarida nake nema, da ya wadatar. Amma malamin da ke duba aikina ba ya karɓar haka, kuma da gaskiyarsa. Inda tsohuwa ta yi shiru, inda ta fara magana ta fasa, inda ta ce ''ka ji, an ce'' maimakon ''na gani'', duk shaida ce ga ɗan tarihi. Da su ake gane abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin uwarsa.

Autar Baba ba ta taɓa ko kalma. Takan sa iyafis, ta rage saurin muryar, ta buga abin da ta ji yadda ta ji shi. Kowane minti biyu tana sa lokaci a gefe, ta yadda in kana son komawa kan muryar ba sai ka yi ta lalube ba. Inda ba ta ji da kyau ba, ba ta cikawa da zato. Sai ta bar gurbi, ta rubuta minti da sakan, ta ƙara da dalili: zakara ya yi cara, babur ya wuce, jikar tsohuwar ta shigo da sallama.

Akwai wata gyatuma da na yi hira da ita a Dorowa Babuje, cikin ƙasar Barikin Ladi. Da na tambaye ta shekarar aurenta, dariya ta yi ta ce, "'Yar nan, wa ke ƙirga mana? An ɗaura mini aure shekarar da aka daina ƙaramin jirgin Zariya." Ranar da na je karɓar rubutun, na tarar da maganar nan yadda ta faɗe ta, babu ƙari. Amma a gefen takardar, da fensir, Baba ya rubuta 1957 da alamar tambaya. Na ce, "Baba, ai da an sa a ciki kawai." Ya cire tabarau ya ce, "A'a, Malama. Ita ba ta ce 1957 ba. Ni ne na ce. In kin bincika kin tabbatar, sai ki sa a ƙasan shafi da sunanki, kada a ɗora wa tsohuwa abin da ba ta faɗa ba." Shekarar daidai ce. Siririn layin dogon da ya taso daga Zariya ya hau Filato tun 1914 don kwasar kuza, a 1957 aka rufe shi, bayan babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso Jos a 1927 ya ƙwace masa lodi. Da wannan shekara ɗaya na samu bakin zaren shekarun gyatumar, na kuma gane cewa labarin diban gwamna da ta ba ni, na mutanen da sanyin Filato ya yi ta kayarwa ba su da ko bargo, daga bakin uwarta ta ji shi, domin ita a lokacin ko dai tana goye ko ba a haife ta ba. A kundin haka na rubuta shi.

Wani abin kuma, Hausar barikin kuza ba Hausar Kano ba ce. Gauraye ce ta mutanen da suka zo daga Sakkwato da Katsina da Borno da Bauchi suka zauna da Birom da Ngas da Tibi, ga ɓarɓashin Turancin ofis da ya narke a baki. Yarinyar a nan ta tashi, kunnenta ya saba. Sunayen barikoki irin su Bisichi, Gana Ropp, Mai Idon Toro da Sabon Gidan Kanar ba sa ba ta wahala, in kuma ta yi kokwanto sai ta cire iyafis ta miƙa wa mahaifinta. Na gwada manhajojin waya masu mayar da murya rubutu a kan hira guda. Muryar mai karanta labarai a rediyo wataƙila su kama ta. Muryar tsohuwar da babu haƙora a bakinta, tana magana a tsakar gida ana daka a gefe, sai dai a yi dariya.

Na biyu shi ne hotunan fayiloli. Wanda duk ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya san yadda ake dawowa: waya cike da hotunan shafuka, kai kanka ba ka san wanne ne na wane fayil ba. Fayilolin Lardin Filato suna ƙarƙashin jerin da ake kira JOSPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. (Ga masu binciken shekarun farko: sai a 1926 aka yanke Lardin Filato, kafin nan Jos a ƙarƙashin Bauchi take, don haka kada a manta da fayilolin Bauchi. A leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna, ita ma tunda an riga an biya kuɗin mota.) Baba ya ba ni dabara tun kafin tafiyata ta gaba: kafin in ɗauki shafi ko ɗaya, in fara ɗaukar bangon fayil da lambarsa, in na gama kuma in ɗauki hoton tafin hannuna, alamar an rufe wannan fayil. Da na dawo, yaron shagon ya rarraba hotunan gida-gida cikin kwamfuta, kowane gida da lambar fayil ɗinsa, a yini guda.

Yawancin takardun kwafin kabon ne, tawadar ta dushe, wasu an yi rubutun hannu a gefe da jan fensir ko shuɗi. A nan tsohon aikin Baba ya yi rana. Ya san yadda ofisoshin wancan zamani ke gajarta kalmomi, ya san rubutun hannun joji da na di'o in sun yi sauri. Kuma in Bature ya rubuta sunan gari a karkace, a karkacen yake buga shi in dai cikin maganar da aka ɗauko ne, sai ya ja layi a ƙasa don in lura. Wasiƙun ajami guda biyu da na samu a hannun wani iyali a Bukuru ma shi ya karanta mini su, ko da yake a nan ya ce in kai wa wani malamin zaure ya sake dubawa, ido biyu ya fi ɗaya.

Shirya kundin kansa ba zan ja shi da tsawo ba. Sun iya sa bayanan ƙasan shafi ta hanyar da kwamfuta ke jera lambobin da kanta. Wanda bai yi kundin tarihi ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma in malaminka ya ce ka cire sakin layi ɗaya a babi na biyu, alhali an buga lambobin da hannu ɗaya bayan ɗaya, to ka shiga uku, domin duk na bayansa sai an sake su. Sun san kuma cewa kowace hira sai an kawo sunan mai magana, shekarunsa, sana'arsa, wurin hira da rana. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fita daidai, kuma ba sa bugawa sai sun mayar da kundin PDF, don kada a buɗe shi a wata kwamfuta haruffan su koma akwatuna. Na ga kundin da aka kai gaban malamai duk inda aka rubuta ƙosai ya zama akwati da ''osai''.

Ba sa rubuta wa ɗalibi aiki. Kowa ya san akwai shagunan da in ka shiga za a buɗe maka tsofaffin kundaye a ce zaɓi, a canza suna da shekara. Ina zaune a bencin nan wani saurayi ya shigo da sabuwar shadda, ya sunkuya ya yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa. Baba bai rage murya ba. "Ɗana, ni bugu nake yi, ba karatu nake sayarwa ba. Ranar da za ka tsaya gaban malamai ba na wurin." Saurayin ya fita yana duba waya kamar an kira shi. Ko ba don tsoron Allah ba, yanzu ana bi da kundaye ta manhajar gano satar rubutu irin su Turnitin, kuma malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a tambaya ɗaya zai yi kan fayil ɗin da ka ce ka karanta ya gane ko ka taɓa shaƙar ƙurar Kaduna.

Kuɗinsu ba sauƙi. Juyar da hira da tsawon murya suke lissafawa, ba da yawan shafi ba, kuma abin da na biya ya kusa ninka abin da maƙwabtansu suka nema. Araha dai ba ta ado. Bugawa a firinta farashi biyu ne, na wutar NEPA da na janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 tazarar ta ƙaru. Ba zan kawo adadi ba don kafin ka karanta wannan kuɗin takarda ya sake motsawa. Abin da na yaba shi ne ana faɗa maka kuɗin tun farko, a rubuta a rasit, kuma ba a ƙara maka komai a tsakiyar aiki. Suna karɓar tiransifa. Ana kuma iya biya kashi-kashi, wanda ga mai jiran albashin malanta ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

To, ga inda suka gaza.

Jinkiri. Yarinya ɗaya ce ke juyar da hira, kuma hirar awa ɗaya takan ci mata yini, wani lokaci fiye. In ka zo a lokacin da ɗaliban digirin farko ke rububin miƙa nasu aikin, sai ka bi layi, kuma Baba ba ya tsallake kowa, ko kai ɗan uwansa ne. An taɓa yi mini alkawarin Litinin, ban samu ba sai Litinin ta sama. Ba a kuma kira ni an gaya mini ba, sai da na hau Keke daga makaranta bayan an tashi, na zo na tarar ba a ma fara ba. Wannan ya ɓata mini rai, na kuma faɗa masa. Haƙuri kawai ya ba ni, amma har yau ba su koyi ɗaga waya su sanar da mutum ba. Ranar Juma'a kuwa daga sha biyu an rufe, kada ma ka wahalar da kanka.

Na'urar ɗaukar hoton takardarsu ƙarama ce, ba ta wuce girman takardar buga wasiƙa. Taswirar filayen haƙar kuza da na aro sai da na kai ta wani wuri a cikin gari wajen masu buga zanen gine-gine. Ɗalibin da aikinsa ke da taswira da yawa ya san da wannan.

Bangon ƙarshe shi ne babban rauninsu. Ɗinkin roba mai zobe da ake kai wa malamai kafin ranar kare kundi, a shagon ake yi, kuma babu laifi. Amma bango mai tauri da rubutun ruwan gwal ba su ke yi ba, wani suke kai wa. Kwafin da aka fara kawo mini, an tsallake harafi ɗaya a sunana a gadon bayan littafin, gam ɗin kuma bai bushe ba, shafukan farko sun manne da juna. Baba ya karɓa ya mayar, bai ce in ƙara ko sisi ba, amma an ci mini kwanakin da ba ni da su, ga wa'adin miƙawa ya matso. Na biyun ya fito daidai a rubutu, sai dai yankan gefen bai miƙe sosai ba. Wata abokiyar karatuna da ta karɓi shafukanta a buɗe ta kai wa masu ɗinkin littafi da kanta ta tsaya a kansu, nata ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ka karɓi launin bango da tsarin rubutun da makarantar karatun gaba da digiri ta tanada a rubuce, ka kai da hannunka.

Sai kuma Baba kansa. Mutum ne mai labari, kuma yana ƙaunar zamanin kamfani. In ya fara ba ka labarin yadda wutar lantarki ta tashar Kurra ba ta ɗaukewa, da yadda ake biyan albashi ranar da aka ce, da yadda Bukuru ke cika ranar biya, sai ka manta abin da ya kawo ka. Ni na ji daɗin hirar, har daga baya na nemi izininsa na ɗauke shi a waya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda na yi hira da su. Amma a tuna a ofis ya zauna, kan kujera, ƙarƙashin rufin kwano. Bai ɗauki ƙasa a ka daga ƙasan rami ba. Da na nuna masa abin da wata tsohuwa ta faɗa kan yadda ake korar mace daga bariki in mijinta ya mutu, cewa ya yi bai taɓa jin haka ba, wataƙila ta manta ne. Bai canza ko wasali a rubutun ba, wannan na shaide shi. Sai dai ɗalibin da bai yi ƙwari ba zai iya fita daga shagon da ra'ayin Baba a ka yana zaton sakamakon bincikensa ne. Kududdufan da kamfanonin suka bari daga Rayfield har Barikin Ladi, waɗanda ke cin yara da dabbobi har gobe, ba sa cikin labarinsa sai ka tambaya.

Maganar amana kuma: muryoyin da ka kai na mutane ne, wasu sun faɗi abin da ba su so a ji da sunansu. Na gaya wa yarinyar haka tun ranar farko. Ta ce, "Anti, in kin karɓi aikinki a gabanki zan goge." Haka kuwa aka yi, har cikin kwandon sharar kwamfutar. Amma sai ka nema. In ba ka yi magana ba, fayilolin suna nan a kwamfutar da kowa ke soka filashinsa. Don haka ma ni ta imel nake tura musu komai, ba na ba da filashi, domin ƙwayar cutar kwamfuta ba ta san shagon kirki ba.

Kuma kada ka mayar da shagon ma'ajiyarka. Mu a Jos mun ga abin da wuta ta yi wa ginin laburaren jami'a a Naraguta a watan Oktoba na 2016. Hirar da ka yi da tsohuwa mai shekara tamanin ba lallai ka samu damar maimaita ta ba. Biyu daga cikin waɗanda na zauna da su sun rasu kafin in kare kundin, Allah ya jiƙansu. Ka ajiye murya da rubutu a imel ɗinka, ka ajiye a wata waya, ka buga kwafi ɗaya a takarda ka kai gidan wani ɗan uwa.

In za ka kai musu hira, kada ka tara sai ka gama zagayen ƙauyuka. Kai kowace da zarar ka dawo, tun kana tuna abin da aka faɗa a wuraren da zakara ya yi cara, don kai ne za ka cike gurbin, ba su ba. Ka rubuta musu sunayen mutane da garuruwan da za su ji a takarda daban. Da safe kafin goma ake samun Baba da natsuwa, kuma watannin da jami'a ke hutu layin ya fi gajarta.